Mun biya ɗakuna uku a gaba, ga gargaɗin guguwa a Ayislan: mu wuce ko mu juya?

Tambaya: Ni da iyalina da yara biyu mun ɗauki hayar mota a Ayislan na kwana 8 a ƙarshen Oktoba, da niyyar zagaye ƙasar ta babbar hanya mai lamba 1. Yau kwananmu uku, muna garin Vik. Hukumar yanayi ta sa gargaɗi mai launin ruwan lemo a kudu maso gabas daga gobe da hantsi, iska mita 23 zuwa 28 a sakan. Mun riga mun biya ɗakuna a garuruwan Höfn da Egilsstadir da Akureyri, irin waɗanda ba a mayar da kuɗi. Jirginmu zai tashi daga Keflavik nan da kwana 5. Mu yi sammako mu riga guguwar, ko mu jira, ko mu koma?

Amsa: Malam, sannunku da hanya, a gaida uwargida da yara. Na san da dare kake karanta wannan, kuma kana son kafin gari ya waye ka san inda za ka dosa, don haka ga amsar tun farko: kada ku yi sammakon nan. Tashi yanzu ka samu mai kula da masaukinku ka kama ƙarin kwana ɗaya kafin a riga ka, domin duk baƙon da ke Vik a daren nan ya ga gargaɗin da ka gani, ɗakunan garin kuwa ba su da yawa. In guguwar ta wuce, ku haƙura da zagaye ƙasar a wannan zuwan, ku more kudanci ku koma ta inda kuka fito. Na daɗe ina tsara wa mutane tafiyar mota a ƙasashen sanyi, ni ma na sha tuƙi a wannan hanyar, kuma ko ƙanena ne ya yi mini wannan tambayar, abin da zan gaya masa ke nan.

Mu fara da lambar da ka rubuto, don ita ce ke ruɗar baƙi. A Ayislan da mita a sakan ake auna iska, wanda ya saba da kilomita a awa kuwa in ya ga 25 sai ya ɗauka 'yar iska ce mai kaɗa tufafi. Ninka ta sau 3.6 ka gani. Mita 25 a sakan kilomita 90 ke nan a awa, 28 kuma ta haura 100. Wannan ma matsakaicin gudunta ne. Abin da ke ture mota daga kan titi shi ne fizgar da takan zo bagatatan, kuma a gindin duwatsun kudu, ranar da aka sa irin wannan gargaɗin, fizgar takan wuce mita 40 a sakan, wato kilomita 144 a awa. Ka kuma riƙe wannan: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura gefen mota ninkawa huɗu yake yi. Saboda haka wanda ya tuƙa jiya a iskar mita 14 ya ji lafiya lau, bai ɗanɗani rabin abin da ke zuwa gobe ba, kashi ɗaya cikin huɗu ya gani. Doguwar mota ta fi shan wahala, irin manyan jif da motocin da ake kwana a ciki, don faɗin gefensu shi ne abin da iskar ke kamawa.

Yanzu dubi hanyar da kake son shiga. Daga Vik zuwa Höfn kilomita wajen 270 ne. Da ka fita gari kaɗan za ka hau filin baƙin yashi na Mýrdalssandur, can gaba kuma ga wanda ya fi shi girma, Skeidarársandur. Fili ne fetal, ba bishiya, ba gini, ba inda za ka raɓa. Bayansa sai yankin Öræfi, inda titin ke bin gindin dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, Hvannadalshnúkur, mai mita 2,110, kuma iska na gangarowa daga kan ƙanƙarar da ke samansa ta faɗo wa titi ta gefe. Mutanen ƙasar da kansu sun san wannan wurin da kifar da motoci. A hanyar akwai gadoji masu layi ɗaya, inda sai mota ɗaya ta wuce ɗaya ta jira, titin kuma a ɗage yake, gefensa gangare ne, babu wadataccen wurin fakawa.

To, me sammakon zai ba ka? A ƙarshen Oktoba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 9. In kana son isa Höfn kafin hantsi, sai ka tashi ƙarfe 5 na asuba, ka yi tafiyar gaba ɗaya cikin duhu, a kan titin da wataƙila raɓa ta daskare a kansa, ka wuce wurin shaƙatawa na Skaftafell da tafkin ƙanƙara na Jökulsárlón ba ka ga ko ɗaya ba, alhali don su kuka zo wannan ɓangaren. Lokacin da aka rubuta a gargaɗi kuma kintace ne na masana. Sukan dace da cewa guguwa na zuwa, amma sa'ar isowarta tana iya matsowa da awa biyu ko uku. Abin da ya fi damuna da lissafin naka shi ne, wuri mafi haɗari yana rabin ƙarshe na tafiyar. Wato za ka isa Öræfi ne daidai lokacin da ratar da ke tsakaninka da guguwar ta fi ƙanƙanta, kuma a lokacin komawa ta yi nisa, ci gaba ma ya yi nisa.

Ni na taɓa yin wannan sammakon, shi ya sa nake magana da zafi. A wani watan Nuwamba ne, ina ɗauke da mutum uku, ɗaya mace da ɗanta. An ce iska za ta taso da azahar, sai ga ta tun muna tsakiyar yashi. Farko dai sai na ji sitiyari yana ja gefe ɗaya, na riƙe shi a karkace don motar ta tafi miƙe. Can sai yashi ya fara dukan ƙofa da gilashi, ƙara kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano, ba ka jin maganar na kusa da kai. Titin ya ɓace, ba abin da nake gani sai sandunan nan masu launin rawaya da aka kafa a gefen hanya, in na wuce ɗaya sai in zuba ido in jira na gaba ya bayyana. Da na kalli madubi sai na ga matar ta rungume kan yaron a ƙirjinta, leɓenta na motsi, ba ta ce mini komai ba. A haka muka rarrafa da gudun kilomita 20 har muka samu wani gidan gona mai karɓar baƙi. Washegari da na zagaya motar, fentin gefen da iska ta buga ya dushe kamar an goge shi da takardar yashi, gilashin fitila ya yi fari. Kamfanin da ya ba mu motar ya caje ni kuɗin gyara, don ban sayi inshorar yashi da toka ba. Kuɗin na biya na manta, amma fuskar matar nan a madubi ban manta ba, domin ɗakin da aka riga aka biya ne kawai ya sa na fita da su a ranar.

Kuma na san shi ne ke tura ka yanzu. Kuɗin ɗakunan nan uku sun riga sun fita daga hannunka, ko ka kwana a ciki ko ba ka kwana ba. Tuƙi cikin guguwa ba zai dawo maka da ko kaɗan daga ciki ba, sai dai ya ɗora maka wani: gyaran mota, janyo ta daga rami, sabon tikitin jirgi na mutum huɗu, balle abin da ya fi wannan. Duk wanda ya biya abu, zuciyarsa takan riƙa raina masa haɗari don kada ya ji ya yi asara. Idan ka ji kana cewa “ai ba ja ba ne, ruwan lemo ne kawai”, to kuɗin ne ke magana. A tsarin launukan da ake amfani da shi a Ayislan da yawancin Turai, rawaya na nufin a yi hattara, ruwan lemo na nufin yanayi mai haɗari da kan jawo ɓarna da tsaikon sufuri, ja kuwa ba kasafai ake sa shi ba. Baƙon da bai san hanya ba, ga yara a baya, ruwan lemo ya ishe shi ya ajiye makulli.

Mutane da yawa sukan yarda su jira kwana ɗaya, sannan su yi kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi yawa: su ce za su rama. Mu yi lissafi tare. Babbar hanyar zagaye kilomita wajen 1,320 ce, kun ci ƙasa da 200. Saura fiye da 1,100. In gobe ta tafi a zaman jira, kwana uku suka rage muku kafin ranar jirgi, hasken rana kuma awa 8 ne kacal a wannan lokacin. Kilomita kusan 380 ke nan kowace rana, wato awa shida ko fiye a kan sitiyari, ba tsayawa kallon komai, yara a ɗaure a kujera tun safe har duhu. Kuma hanyar da ke gaba ta fi wadda kuka baro tsanani. Tsakanin Egilsstadir da tafkin Mývatn akwai tudun Mödrudalsöræfi, dogon daji ne marar mutane da dusar ƙanƙara kan rufe da wuri. Daga Akureyri zuwa Reykjavik, babban birnin ƙasar, kuma sai an hau tuddan Öxnadalsheidi da Holtavörduheidi, kowanne ana rufe shi in yanayi ya ɓaci. Ɗaya daga cikin ukun nan ya rufe na kwana guda, jirginku ya tafi ya bar ku. Tsarin kwana huɗu ba ya shiga cikin kwana uku, dole sai an yanke wani abu an yar, kuma abin yankewa a nan shi ne gabas da arewa.

Ga tambayar da nake so ka riƙa yi wa kanka a kowace ƙasa ka samu kanka cikin irin wannan: in aka rufe hanya, a wane gefe nake son a rufe da ni? A tafiyarka abu ɗaya ne ba ya motsi, jirgin da zai tashi daga Keflavik. Duk sauran ana iya ɗagawa ko a bari. A kudancin Ayislan kuma hanya ɗaya ce tak, teku a gefe ɗaya, duwatsun ƙanƙara a ɗayan. A watan Yulin 2011 ambaliya ta tafi da gadar kogin Múlakvísl, 'yan kilomitoci gabas da inda kake zaune yanzu, sai da aka yi kusan mako guda kafin a kafa ta wucin gadi, waɗanda ke gabashinta da ƙananan motoci kuwa sai dai su zagaya ta arewa ko su jira a tsallakar da su. Daga Vik, kilomita wajen 185 ne zuwa Reykjavik, sai wasu 50 zuwa filin jirgi. Daga Höfn ya haura 450. Kowace kilomita da ka ƙara gabas kafin guguwa ta wuce, nisa kake ƙarawa tsakaninka da abin da ba ya jira.

Kada kuma wannan ya sa ka ce bari mu gudu yamma da safe. Sai ka duba ko gargaɗin ya shafi kudu ma. Da fitarka Vik ta yamma za ka hau dutsen Reynisfjall, gaba kuma ga gindin duwatsun Eyjafjöll, wanda shi ma sananne ne da muguwar fizga. Kana cikin gari mai shago da gidan mai da ɗaki mai ɗumi. Zauna.

Abin da zan tsara muku da ni ne, gobe hutu. Jibi, in taswirar hanya ta nuna an buɗe kuma iska ta sauka, ku tafi Skaftafell da Jökulsárlón da rana tsaka, ku gani da idonku a natse, ku kwana a yankin, ko a Höfn in sun yarda su ɗaga muku kwanan da kuka biya. Washegari ku juyo yamma. Rana ta ƙarshe ku je wuraren kallo na Gullfoss da Geysir da Thingvellir da ke can yamma in yanayi ya bari, ku kwana Reykjavik ko kusa da filin jirgi. Wannan daren na ƙarshe kada ka yi ciniki a kansa, ko da sama ta yi garau. A ranar hutun kuma, don Allah kada zaman ɗaki ya gundure ku ku ce bari mu leƙa bakin tekun Reynisfjara tunda kusa ne. Igiyar ruwan wurin takan yi tsalle ta wuce inda mutum ke zaton ya tsira, ta ja shi, kuma ta kashe baƙi ba sau ɗaya ba, a ranakun da ma ba guguwa. Akwai fitilun gargaɗi a mashigar wurin, amma ranar iska ba ranar zuwa da yara ba ce sam.

Maganar kuɗin ɗaki, kada ka ɗauka sun tafi duka. Kira kowane masauki da kanka a waya, a daren nan ko da sassafe, kada ka tsaya ga manhajar da ka yi rajista ta cikinta. Mai masauki a Höfn ya fi ka sanin me gargaɗin ruwan lemo ke nufi, kuma akwai yiwuwar wani baƙon ya maƙale a wajensa yana neman ƙarin kwana, ɗakinka zai ba shi. Fara da roƙon ɗaga rana kafin ka nemi a mayar da kuɗi, ya fi sauƙin samu. Na Egilsstadir da Akureyri kuwa, tunda kwanakinsu na gaba, sanar da su da wuri yana ba su damar sayar da ɗakin, shi ya sa sukan sassauta. Ba dole ba ne a kansu, wasu za su ƙi, amma wanda ya kira tun da wuri cikin ladabi ya fi wanda bai zo ba bai kuma ce komai ba. In sun yarda, ka ce su rubuto maka ta imel. Sannan ka ɗauki hoton gargaɗin daga shafin hukumar yanayi, vedur.is, da hoton taswirar hanya daga umferdin.is in an rufe, da kwanan wata a jiki, ka adana rasit na ƙarin kwanan Vik. In kana da inshorar tafiya, waɗannan za su nema. Sayen sabuwa yanzu ba zai yi amfani ba, don inshora ba ta biyan abin da aka riga aka sanar kafin a saye ta.

Ka ɗauko takardar hayar motar ka karanta a daren nan, wurin da aka jera abubuwan da inshora ba ta ɗauka. A Ayislan kusan ko'ina za ka tarar da ɓarnar yashi da toka sai an saya mata inshora daban, haka ƙofar da iska ta fizge ta lanƙwasa, haka lalacewar da ruwa ya yi wa inji, haka shiga hanyar da aka rufe. Maganar ƙofa ƙarama ce a ido amma ita ta fi faruwa: ka faka motar hancinta na fuskantar iska, a buɗe ƙofa ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, yara kuma kada su buɗe da kansu. Ka kuma sunkuya ka duba tayoyin. Tayar sanyi mai ƙusoshi daga 1 ga Nuwamba doka ta ba da damar sa ta, don haka motar da aka ba ka a Oktoba ba lallai tana da ita ba. In tayar bazara ce, wannan kaɗai ya isa ya hana ka hawa tudun arewa.

Game da jirgi, bambancin nan yana da muhimmanci. In kamfanin jirgi ne ya soke tashi saboda yanayi, dokar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ke aiki a Ayislan, ta wajabta masa ya mayar maka da kuɗi ko ya sa ka a wani jirgin, ya kuma kula da abincinka da makwancinka yayin jira, ko da yake ba ya biyan diyya a kan abin da ya fi ƙarfinsa. In kuwa jirgi ya tashi kai kana bayan wani tudu da aka rufe, ba ka bin su komai, kuma galibi sauran zangon da ke kan tikitin ma sokewa suke yi. Mai bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai da ake shiga Ayislan da ita, ya duba ranar ƙarewarta. Doka ta yarda a tsawaita ta in abin da ya fi ƙarfin mutum ne ya tsare shi, amma kafin ta ƙare ake zuwa hukumar shige da fice a nema.

Wani abin da nake jan kunnen kowa a kai shi ne taswirar waya. Ita gajeriyar hanya ta sani, ba ta san wace ake share wa dusar ƙanƙara ba. Misali na kusa: tsakanin Höfn da Egilsstadir takan nuna wa mutane Öxi, hanya mai lamba 939, don tana rage fiye da kilomita 60. Hanyar tsakuwa ce mai hawa da lanƙwasa a kan dutse, ba a kula da ita lokacin sanyi kamar babbar hanya. Duk inda kake a duniya, in an rufe babban titi saboda yanayi, ƙaramin da ke gefensa ya fi shi muni, ba a dai samu wanda zai je ya sa masa shinge ba ne. Shingen da aka sa kuma ba a zagaye shi. Masu fitowa ceto a Ayislan 'yan sa-kai ne, mutane masu aikinsu da iyalansu, su ne za su bar gadonsu da tsakar dare su shiga guguwar da kai ka zaɓi shiga. A shafinsu, safetravel.is, kana iya ajiye tsarin tafiyarka don a san inda za a neme ka. Lambar gaggawa 112 ce, ta tambayar halin hanya kuma 1777.

In duk da haka wata rana yanayi ya rutsa da ku a hanya, a nan ko a wata ƙasa, ku zauna cikin mota. Wanda ya fita da ƙafa cikin dusar ƙanƙara mai tashi yakan rasa motar bayan taku kaɗan. Kunna fitilun gargaɗi, kira lambar gaggawa, ka riƙa tayar da inji kamar minti 10 a kowace awa don ɗumi, gilashi a ɗan sauke. Kafin kowace tayarwa ka tabbata dusar ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ba, domin in ta toshe, hayaƙin cikin mota yake komawa, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da wari, barci take sa mutum. A Janairun 2022 a Murree ta Pakistan, mutum fiye da 20 sun mutu a cikin motocinsu da dusar ƙanƙara ta tsare, masu yawon buɗe ido ne da iyalansu, wasu sanyi ne, wasu wannan hayaƙin. A wannan watan dai, a jihar Virginia ta Amurka, babban titin I-95 ya tsaya cik, mutane suka kwana a mota, har da Sanata Tim Kaine da ya yi kusan awa 27 a hanya. Titi ne mai layi da yawa kusa da babban birnin ƙasar. Shi ya sa nake cewa tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, ruwan sha da abin ci da bargo su kasance a cikin mota inda hannu zai kai, waya kuma a cike.

In ruwa ne a kan titi, hukuncin ya fi sauƙi: juyawa ake yi. Hukumar yanayi ta Amurka ta daɗe tana faɗa cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma yana tafiya da jif. Daga kan kujerar direba ba ka iya sanin zurfinsa, ba ka kuma san ko kwaltar da ke ƙasa tana nan ba. A ambaliyar Valencia ta Sifaniya, ranar 29 ga Oktoban 2024, mutum fiye da 220 suka rasu, da dama a cikin motoci ko a garejin ƙarƙashin ƙasa inda suka sauka don su fitar da motar. Hukumar yanayi ta Sifaniya ta sa jan gargaɗi tun da safe, amma saƙon gaggawa bai shiga wayoyin mutane ba sai bayan ƙarfe 8 na dare. Don haka kada ka jira waya ta yi ƙara ko wani ya tare ka. Kai za ka buɗe shafin hukumar yanayin ƙasar da kake, dare da safe.

Saura gida. Yara za su ji ba daɗi in an ce ba za a je arewa ba, wataƙila uwargida ma ta ƙwallafa rai a kan wani wuri. Kada ka yanke kai kaɗai ka sanar da su da safe. Buɗe taswirar iskar ka nuna mata launin da ya rufe hanyar, ku yi lissafin kilomitocin nan tare. Ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu, ta sauran kwanakin: in ɗayanku ya ce a tsaya, an tsaya, ba gardama a cikin mota. Ku sa wa kanku iyaka da lamba kafin ku kwanta, misali in allon da ke bakin hanya ya nuna fizga ta haura mita 20 a sakan za ku dakata a gari na gaba, domin iyakar da aka sa a ɗaki cikin natsuwa ta fi wadda za a yi ta ja-in-ja a kanta ana tsakiyar tafiya. Alluna ne masu fitila, za ka gan su kafin wuraren iska, suna nuna sanyi da gudun iska, lambar fizga kuma takan fito da ja.

Kafin ka kwanta: ɗakin gobe, mai a tanki, sayayyar abin da yara za su ci, sannan ka matsar da motar jikin gini ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, nesa da duk abin da zai iya tashi. Da safe ka kira Höfn. Jibi kuma, ko rana ta fito, ka duba taswirar hanya kafin ka loda kaya, don bayan guguwa akan ɗauki sa'o'i kafin a share a buɗe. Allah ya kai ku lafiya, ya mayar da ku gida lafiya.